"Book" Da "Boko": Kalmomi Biyu Da Aka Ɗaura Wa Aure Ba Da Saninsu Ba

Cikin kalmomi goma na farko da yaro ke koya a darasin Ingilishi, da wuya a rasa "book". Gajeriya ce, tana da sauƙin faɗi, kuma abin da take nufi yana nan kan tebur a gaban yaron. A nan Yamai, tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, na ga iyaye da dama sun ƙara matsa wa ƴaƴansu su riƙe Ingilishi da kyau. To amma kusan duk inda aka koyar da wannan kalma, sai a biyo ta da wani ƙarin bayani, wai daga gare ta muka samo kalmarmu ta "boko". Wai Bature ya ce "book", bakin Bahaushe ya kasa, ya ce "boko". Na ji wannan daga ƴan'uwana malamai, na ji a rediyo, kuma jaridun ƙasashen waje sun yi ta maimaita shi tun 2009, lokacin da sunan Boko Haram ya cika duniya.

Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta yaɗu, sai dai ba gaskiya ba ce. Kama kawai kalmomin suka yi, kuma kama da wane ba wane ba ne. Kowacce da gidansu, kowacce da tarihinta. Ina ganin ya kamata malami da uba su san tarihin nan guda biyu, domin a cikinsu akwai amsar wata tsohuwar tambaya da har yau ba ta bar mu ba: me ya sa kakanninmu suka yi zargin makarantar Nasara, kuma zargin nasu ya ƙare ko yana nan?

Daga ina "book" ta fito?

Fiye da shekara dubu da suka wuce, a tsohon Ingilishi, ana rubuta kalmar "boc", ana jan wasalinta. Tana da ƴan'uwa a harsunan da suka haɗa kaka da Ingilishi: Jamusawa na cewa "Buch", mutanen Holan na cewa "boek", na Suwidin kuma "bok". Mafi yawan masana asalin kalmomi sun danganta ta da sunan wata bishiya ta dazuzzukan Turai da Ingilishi ke kira "beech". Ba ta tsiro a ƙasarmu. Doguwa ce, ɓawonta toka-toka ne mai santsi, har yau masoya kan sassaƙa sunayensu a jikinta da wuƙa. A Jamusanci sunanta "Buche", harafi ɗaya ne ya raba ta da littafi. A harshen Suwidin ma kalma ɗaya ce, "bok", ga bishiyar da littafin duka.

Dalilin wannan dangantaka shi ne, kafin takarda ta isa arewacin Turai, mutanen can a jikin itace suke karta alamominsu. Wani marubucin Rum mai suna Tasitus, wanda ya yi rubutu kan ƙabilun Jamus wajajen shekara ta 98 Miladiyya, ya bayyana yadda suke yanka reshen itace guntu-guntu, su yi wa kowane guntu alama, su watsa a kan farin ƙyalle don yin duba. Har yau kalmar "harafi" a Jamusanci, "Buchstabe", ƙarshenta na nufin sanda. Akwai masana da ke jayayya da wannan alaƙa ta bishiya da littafi, suna cewa siffofin kalmomin biyu na dā ba su dace sosai ba, amma ita ce ra'ayin da ya fi rinjaye.

Ba Ingilishi kaɗai ke da wannan tarihi ba. Kalmar Faransanci "livre", wadda ƴaƴanmu suka fi sani a lakwal, ta fito daga Latin "liber", wato ɓawon ciki na itace. Girkawa kuma sunan littafinsu, "biblion", daga sunan ciyawar ruwa ta Masar ne da ake yin takarda da ita, wadda ake fataucinta ta tashar jiragen ruwa ta Biblos a ƙasar Labanan ta yau. Waɗannan al'ummomi sun raɗa wa littafi sunan abin da suke rubutu a kansa.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga Bahaushe ba. Mu ma a kan itace muke fara karatu. Allon da almajiri ke riƙewa a tsangaya, wanda masassaƙa kan fi so su yi da icen aduwa saboda ƙarfinsa, shi ne littafinsa na farko. Idan malamin Ingilishi yana neman abin da zai kwatanta "book" da shi don yaro ya riƙe, allo ya fi kusa da asalinta nesa ba kusa ba.

Yadda ma'anarta ta yi rassa

Da addinin Kirista ya shiga Ingila a ƙarshen ƙarni na 6, ya zo da rubutun Latin da fatun da ake rubutu a kansu, sai tsohuwar kalmar ta koma kan sabon abu. A wancan zamani "boc" ba littafin karatu kaɗai ba ne. Duk takardar shaida da sarki ya sa wa hannu sunanta ke nan, har ƙasar da aka mallaka da irin wannan takarda ana kiranta "bocland", kamar mu ce gonar takarda. A 1086 sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara ashirin kafin nan, ya aika ma'aikatansa gari-gari su ƙidaya gonaki da dabbobi da masu su don haraji. Kundin da suka haɗa shi ne ake kira "Domesday Book", yana nan ajiye a Landan har gobe. Duk wanda ya ji labarin yadda ake ƙidayar kai da ta jangali a zamanin Nasara zai gane irin littafin da ake nufi.

Daga wannan ma'ana ta rajista ne sauran ma'anonin yau suka fito. Wanda ya kama wa kansa kujera a jirgi ko ɗaki a masauki, Turawa na cewa ya yi "book", domin a dā sai an rubuta sunansa a littafi. Alƙalin wasan ƙwallo idan ya ɗaga wa ɗan wasa katin gargaɗi, kalmar ce dai ake faɗa, domin yana zaro ɗan littafinsa ya rubuta lambarsa. Akawun da ke riƙe lissafin kuɗi, da ita ake kiran aikinsa. Littafin karatu kuwa bai zama kayan kowa ba sai bayan Gutanbag ya buga Baibul da injinsa a garin Mainz na Jamus wajajen 1455, Wiliyam Kakston kuma ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476.

A duk wannan doguwar tafiya, ba inda kalmar ta taɓa ɗaukar ma'anar ƙarya ko yaudara. Mu riƙe wannan.

Me ya hana "book" ta zama "boko"?

Hujja ta farko a bakinmu take. Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Ingilishi, kuma tana da hanyar da take bi da su. Wasalin da ke tsakiyar "book" idan ya shigo Hausa "u" yake zama. "Cook" ta zama kuku, "wool" ta zama ulu, "cushion" ta zama kushin. Da mun ari "book", da "buku" za mu ce, kamar yadda masu harshen Lingala a Kwango da masu Ciciwa a Malawi suke faɗa. Ga ma gwaji a hannun kowa: ku saurari yadda ƴaƴanku ke faɗin Facebook. "Buk" za ku ji a ƙarshe. Ban taɓa jin wanda ya ƙare ta da "boko" ba.

Hujja ta biyu ita ce ma'ana. Ba Bahaushen da ke cewa "miƙo mini bokona" yana nufin littafinsa. Ba mu buƙaci aro ba ma, domin muna da kalmar tun ƙarnoni kafin Bature ya iso. Littafi daga Larabci "al-kitab" ne, wadda Barebari suka mayar "kitawu", masu Suwahili suka mayar "kitabu". Allo, alƙalami da tawada duk daga Larabci suke. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo mana, abin da ke nuna hanyar Borno da ilimi ya biyo. Maƙwabtanmu a nan Yamai su ma da tasu: Zabarmawa na cewa "tira", Fulani na cewa "deftere". Wanda yake shakkar tsufan littafi a ƙasar nan, ya je sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, inda dubban littattafan hannu suke ajiye, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Marata aka haife shi a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau, kuma har Agadas ya je neman ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anarta. Ƙamusun Bargery da aka buga a 1934 ya kawo ta da ma'anoni da dama da suka shafi algus, ha'inci da nuna abin da babu shi. Har yau muna cewa an yi mana biri-boko idan aka rufe mu da abin da ba shi da tushe. Tsofaffinmu kuma sun san amaryar boko: ranar kai amarya, a lulluɓe wata daban a ɗora ta kan doki, a bi ta da guɗa da kiɗa, idon jama'a duk yana kanta, amaryar gaskiya kuwa a bi da ita ta wata hanya a ɓoye. Wannan al'ada ba ta jira makarantar Nasara ba. Farfesa Paul Newman, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin Hausa, ya tattara waɗannan hujjoji a wata maƙala a 2013, ya nuna cewa danganta boko da "book" kuskure ne da marubuta suka yi ta kwafa daga juna ba tare da bincike ba.

Abin da kakanninmu suka gani

Ke nan da kakanninmu suka ce "karatun boko", ba kuskuren furuci suka yi ba, hukunci suka yanke. Sun ce wannan karatun jabu ne, na gaskiya yana tsangaya. Kuma idan muka sa kanmu a matsayinsu, za mu ga dalilinsu. Mutanen da suka kawo karatun su ne suka shigo da bindiga. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Rubutun daga hagu yake farawa, ba a buɗe shi da bisimilla, kuma wanda ya gama shi aikinsa tafinta ko akawun mai karɓar haraji.

A ɓangarenmu na Faransa abin ya fi tsanani. Ba a tambayar ra'ayin uba. Kwamanda ya yanka wa kowane gari adadin yaran da zai bayar, masu gadi su zo su tafi da su. Harshen gida kuma haramun ne a harabar lakwal. Manyanmu da suka yi karatu a wancan lokaci, har da bayan samun ƴancin kai, suna tuna "sambol", ɗan abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da Hausa ko Zabarmanci, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Sarakuna da masu gari da dama, da aka ce su kawo ƴaƴansu, sai suka ɓoye nasu suka tura ƴaƴan bayi da na barori. Wato an kawo musu karatun da suke ganin na boko ne, su kuma suka biya da ɗan sarkin boko, kamar dai amaryar kan doki. Abin da ba su hango ba shi ne, a cikin yaran da aka tura dole ne za a sami masu riƙe ƙasa gobe.

Da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, nan ne ƴan lakwal suka taru. Bubu Hama, wanda aka ɗauko daga ƙauyensu Foneko ya bi ta Tera da Dori da Wagadugu har makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, ya dawo ya zama mushe. Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, mushe ne. Djibo Bakary, abokin hamayyarsa, shi ma mushe ne. Duk da haka, ranar 3 ga Agusta 1960 da aka sami ƴancin kai, yaran da ke zuwa makaranta a Nijar ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Yadda muka wanke kalmar

Abin sha'awa shi ne, Hausawa da kansu suka karɓi wannan suna na raini suka mayar da shi nasu. Ɗaya daga cikin na farko ma ɗan ƙasar Damagaram ne, Dorugu. An kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi a Kukawa, ya zama yaron matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth. Tare suka ƙetare kogin Isa a Sayi a 1853 kan hanyarsu ta Tumbutu, tare suka tafi Turai a 1855. A Ingila ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, aka rubuta da haruffan Latin, suka fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. A ƙarshen rayuwarsa Dorugu ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909.

Daga nan rubutun ya yi ta samun gindin zama. Gasar rubutun 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. A cikin shekarun ne aka tsayar da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Ku lura da sunan: a cikin rubutun da aka kira na jabu aka buga kalmar gaskiya a saman shafi. Kwabon da ke cikin sunan kuwa, shi ne aron Ingilishi na hakika, daga "copper", jan ƙarfen da ake yin kuɗin da shi.

A namu ɓangaren, Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya dage cewa yaro ya fara karatu da harshen uwarsa. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya duba yadda za a rubuta manyan harsunan yankin, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. A watan Janairun 1980 kuma masana daga Nijar da Nijeriya suka zauna a nan Yamai, ƙarƙashin cibiyar CELHTO, don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa. Ɗan bambancin da ya rage shi ne irin wanda kuke gani a wannan rubutu: mu muna rubuta ƴ, ƴan'uwanmu na Kano suna rubuta 'y. Yau idan aka ce "rubutun boko", ba wanda ke jin zagi. Sunan haruffanmu ne kawai, kishiyar ajami.

Tsohuwar ma'anar tana leƙowa

Me ya sa na damu da gyara wannan ɗan kuskure? Dalili na farko shi ne amanar aji. Yaro yana ɗaukar maganar malaminsa kamar yankan wuƙa, kuma idan muka koya masa cewa kalmarsa ɓatacciyar kalmar Bature ce, mun koya masa cewa kakanninsa kwaikwayo kawai suka iya, alhali tunani suka yi suka raɗa suna.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Idan boko na nufin littafi ne kawai, to ba abin da za mu tambayi kanmu. Amma idan mun san tana nufin abin da ke da siffa ba shi da ciki, dole mu dubi makarantunmu da idon basira. Binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ɗaliban ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya gano cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na yaran ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin karatun da ake buƙata ba. A zagayen 2019 an sami ci gaba, adadin ya kai wajen uku cikin goma, amma har yanzu mafi yawa suna baya. Ni kaina na karɓi yara a aji waɗanda suka yi shekara shida suna sa kayan makaranta, suna ɗauke da kaye cike da rubutun da suka kwafa daga allo da kyakkyawan hannu, amma ka ce su karanta maka layi ɗaya su faɗi abin da yake nufi, sai ido. Yaron da ya haddace abin da bai fahimta ba, da sakamakon da aka ƙara wa maki don a faranta wa uba rai, da takardar shaidar da aka samu ta bayan fage, duk wannan shi ne boko da ma'anarsa ta ƙamusun 1934. Uban da ke ƙauye ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama lakwal bai iya karanta wasiƙa ba, kuma ya manta riƙon hauya, ba ya buƙatar wani mai wa'azi ya gaya masa ya hana nasa zuwa.

Masu ɗauke da makamai da suka addabi Bosso da Difa tun 2015, suka rufe makarantu, suka raba dubban yara da gidajensu, sun hau kan wannan tsohon zargi ne. Jami'an tsaro na da nasu aikin a kansu. Amma zargin kansa a aji ake kashe shi, ranar da yarinya ta dawo gida ta karanta wa kakarta takardar asibiti ta fassara mata daidai.

Shawarata ga ƴan'uwana malamai: in kun zo kan "book", ku ba yara labarin bishiyar, ku nuna musu allo, ku ce su tambayo kakanninsu mece ce amaryar boko su kawo amsa gobe. Darasi ɗaya zai haɗa musu Ingilishi da Hausa da tarihi. Ku kuma iyaye, kada ku tsaya ga duba maki a ƙarshen wata uku. Ko ba ku yi lakwal ba, ku zaunar da yaro bayan sallar magariba, ku ce ya buɗe littafinsa ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya rufe ya gaya muku da Hausa abin da shafin ya ce. Idan ya iya, ku sa masa albarka. Idan ya kasa, gobe da safe ku raka shi makaranta ku nemi ganin malaminsa.